Karan Dawar Tsoho Mai Faci

Daga Allah muke, kuma komai nisan yawon mutum gare Shi zai juya. Ƙanen kakata, wanda Batsari da kewayenta suka sani da Tsoho Mai Faci, ya rasu da hantsi, bayan an gama girbin dawa, yana zaune a ƙofar rumfarsa da famfon keke a kan cinya. Maƙwabcinsa mai kayan miya ya gaishe shi sau uku bai amsa ba, har ya fara fushi, kafin ya matsa kusa ya gane.

Ni labarin a Kaduna ya iske ni, ban iso ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Na zauna a bakin tabarma ina karɓar gaisuwa, kunnena kuwa yana kan abin da mutane ke faɗi.

Liman ya ce, "Mutum ne da ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Allah shi jiƙan shi."

Wani dattijo daga Karare ya ce, "Keken da na ɗauko kayan auren uwar 'ya'yana da shi, shi ya yi mani facinsa. Har keken ya mutu facin bai saki ba."

Wata tsohuwa ta leƙo daga zaure ta ce iskar famfon da ya ba mutane kyauta ita kaɗai ta isa ta tura shi aljanna. Wani matashi kuwa ya raɗa wa abokinsa, na kuma ji da kunnena: "Au, dama tsohon nan yana da rai?"

Taubashina, ɗan kawuna, wanda ya yi aikin malamin gona a Safana har ya yi ritaya, ya zungure ni da gwiwar hannu. "Dogo, yau wa ya ɗinke maka baki? Kai da ko a gidan mutuwa sai an kore ka saboda ba mutane dariya."

Gaskiya ya faɗa. Ni ne na taɓa sa mai ciwon haƙori dariya har haƙorin ya faɗo da kansa, aka huta da zuwa wurin wanzami. Amma ranar nan na laluba cikina kaf, ban sami ko guntun wasa ba. Kwana uku ana zaman makoki, ba wanda ya ambaci tsere. Mutum ɗaya ne ya kusa, wani tsohon Ardo da ya zo a ƙafa daga rugarsu. Ya jingine sandarsa, ya shafa fatiha, ya ce, "Wanga mutum ya san burtali ya fi shanuna." Ya tashi ya tafi. Ba wanda ya tambaye shi abin da yake nufi.

Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina tsoron a bar shi a bakin mutane a ce mai liƙe taya ne kawai. Kuma ina da wani nauyi nawa na kaina. Na ɓata masa shekara guda, shekarar da ya fi so a duk rayuwarsa, na kuma yi shekara ashirin da 'yan kai ina zuwa ina ba shi dariya don kada bakina ya kai ga cewa ya yafe mani. Yanzu ga bakin, babu mai ji.

Kafin ya zama mai faci, masinjan En'e ne. Yakan ɗauki takarda daga Batsari ya kai Safana, ya kai Katsina, a kan wani baƙin keke mai nauyin ɗan maraƙi. Da damina idan rafi ya kawo, sai ya cusa takardar cikin hula, ya ɗora keken a ka, ya tsallake. Yakan ce rabin aikinsa shi ya hau keken, rabi keken ya hau shi. Ni kuma nakan ƙara wa mutane cewa akwai ranar da kada ya biyo shi a ruwa, ya ga saurinsa, ya koma gefe ya yi tagumi. Sai ya ce, "Ƙarya kake, ja'iri. Kadan nan cewa ya yi in ara mashi keken."

Ranar bikin samun 'yancin kai an aike shi Katsina, a nan ya fara ganin tseren keke a kan kwalta. 'Yan makaranta da gajerun wanduna, kekuna sirara kamar da tsinke aka yi su. Ya ajiye jakarsa ya shiga layi da babbar rigarsa. Wani mai usur ya dube shi, ya dubi furfurar da ta fara tsiro masa a gemu, ya ce, "Baba, 'yan kallo can suke tsayawa." Ya ja kekensa ya koma inda aka nuna masa. Tun daga ranar ya ƙudurta a ransa sai ɗan Batsari ya tsaya a layin nan, ya wuce har Kaduna. Allah kuwa 'ya ɗaya tal ya ba shi, wadda nake kira Inna. Sai ya buɗe rumfar faci ya zauna yana duban ƙafar duk saurayin da ya gifta, har na yi tsawo.

Tsawo kuma na yi shi na rashin hankali. In na miƙe a Batsari ana hango hulata daga Wagini. Ina da shekara goma sha takwas ya gan ni na taho daga Karare da buhun gyaɗa a bayan keken babana, ina gudu kamar an ce gari ya kama da wuta. Ya tare ni. Bai amsa gaisuwata ba, sai ya sa babban yatsa ya danna cinyata kamar mai tayin rago.

"Kai, mai ƙwacen mata," haka yake kirana, don matarsa amaryata nake ce mata, ita kuma ta ce mani maigida. "Wagga ƙafa taka asara ake yi da ita."

"Tsoho, in saye za ka yi, taya."

"Na saye. Ka gaya wa babanka ina nan tafe bayan la'asar."

Da ruwan farko ya sauka ya kira ni rumfa. Na zaci keke zai nuna mani, sai ya jawo karan dawa. Ashe kwana biyu ya yi yana bin dangar mutane yana neman kara mai gaɓa goma sha biyu cif, kowace gaɓa wata guda. Bai iya boko ba, kalandar bango kuma ya ce ba ta san ranar da gero ke nuna ba. Tsaga a karkace tseren daji ke nan. Tsaga a miƙe tseren kwalta. Inda ya naɗe da robar tsohuwar taya, hutu ne. Duk abin da aka cika, sai ya taɓa sarƙar keke da yatsa ya shafa baƙin mai a kan tsagar.

Ya ɗora wuƙa a gaɓoɓin farko. "Damina, fartanya. Keke sai ranar kasuwa, shi ma kamar kana ɗauke da ƙwai."

"Tsoho, ɗan tsere ka saya ko ɗan ƙwadago?"

"Noma ke gina baya. Mai tsere da ruɓaɓɓen baya kwando ne ake ɗiban ruwa da shi."

A shekarun nan azumi yana faɗowa daidai girbin gero. Gaɓar azumi ya bar ta fara fat. Ya ce, "Wanga wata na Mai shi ne, ba ni da wuƙar da za ta taɓa shi."

Bayan girbi ma bai sake ni ba. Sai da Ardon nan ya aiko cewa an saki gonaki, shanu sun shiga. Dalilinsa biyu ne. Kada tayata ta taka waken wani a ce jikansa ya yi ɓarna, sannan kofaton shanu ke kwantar da kututturen kara, wanda in an bar shi a tsaye yana yanka taya kamar aska. Yakan ce, "Bari saniya ta riga ka. Ita ce injiniyan daji."

To, lokacin ne ake kalankuwa gari-gari. In an gama dambe da kokawa, sai samari su jeru da kekuna a ƙofar gari, a bi burtali, a gangara kwari, a saɓa keke a kafaɗa a tsallake rairayin rafi da gudu, a kewayo wata kuka a dawo. Tsoho ya cire wa kekena kariya da fitila da ƙararrawa, ya sa masa ƙafafu masu kaurin taya. Na ci a Karare, na ci a Wagini, na ci a Safana har sau biyu. Tukuicin yawanci zakara ne. Zakarun da na tara, sai da ya zama asuba a gidanmu tun la'asar take farawa, ladan ya aiko a tambayi babana ko ya buɗe nasa masallacin ne.

Duk wannan Tsoho bai taɓa ce mani sannu ba. In na dawo, sai ya danna cinyata, ya yi shiru yana sauraro da yatsa, ya ce, "Sha ruwa." Ya shafa baƙi a kara. Kalmomin nan biyu su ne yabonsa, su ne tafinsa.

Da aka gama tseren daji na ƙarshe, muka iso inda roba take.

"Arba'in," in ji shi. "Ba keke, ba gudu."

"Tsoho, yanzu fa nake jin ƙarfi. Ko mota ka sa a gabana sai na kamo ta."

"Shi ya sa. Daji yana ba mutum ƙirji, amma yana cin ƙafa a ɓoye kamar gara a azara. Kwalta kuwa ba ta karɓar ragowa. Ka taɓa ganin matar da ta haihu ta koma daka ba ta yi arba'in ba? To kai ma ka haihu."

Na zaci wasa yake. Wallahi washegari sai ga amaryata da ƙwaryar kunun kanwa, ga tukunyar ruwan zafi da ganyen runhu a gasa mani ƙafafu. Kafin kwana uku duk Batsari ta ji. Sunana ya koma Maijego. 'Yan mata a bakin rijiya su ce, "Barka da arziki, mace ce ko namiji?" Mahauci ya kira ni ya ce ya ajiye mani ƙauri. Ni da aka sani da tsokanar mutane, sai ga shi gari guda ya samu rana a kaina.

Shi kuwa ya rataye gangar keken a rufin rumfa. Ƙafafun daji ya ba matarsa ta ɓoye. A bango ya rataye wasu ƙafafun, sirara, na kwalta, waɗanda ya ba wani direba saƙonsu daga Kano, ya yi makonni yana ɗaura musu wayoyi da hannunsa, ya lulluɓe su da tsohon zane kamar jarirai. Tsarin a bayyane yake a jikin kara: in arba'in ta cika, mako uku muna fita kwalta ƙafata ta saba, sannan gwaji a Katsina, inda za a ɗauki mutum huɗu a kai su Kaduna. A can ƙarshen gaɓa ya yi wata tsaga mai zurfi a miƙe. Ita ce Kadunar.

Shekarar nan ce kuɗin mai suka shigo, aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin da ya ruɗa su. Kowa ya sayi babur. Wanda bai iya hawa ba ma ya saya ya riƙa turawa zuwa ofis. Ranar wata Juma'a, ina kwana talatin da ɗaya a jego, taubashina ya iso daga Safana a kan wani jan babur, ya tsaya daidai inda mutane ke fitowa daga masallaci, ya murɗa shi har awaki suka watse. Tsoho ya tafi ɗaurin aure Karare.

"Maijego, ina wanka? An sha kunu?"

"An sha, Malam. Kai ma in ka zo suna za a zuba maka."

"Dogo, zamanin keke ya wuce. Wanga da kake gani, ko tsohonka da kadansa ba su kamo shi."

"A kan hanya, ko a burtali?"

"Ko a kan ƙaya."

Mutane suka ɗauki sowa. Da ni kaɗai ya zaga da na haɗiye. Amma ya sa Tsoho a ciki, haka dai na riƙa gaya wa kaina shekara da shekaru. Gaskiyar magana na gaji da sunan Maijego ne.

Aka tsayar da tsere nan take, na ruga gidan Tsoho. "Amaryata, ina ƙafafun daji?"

Ta ci gaba da tankaɗenta. "Maigida, ko sakina za ka yi ba na faɗa ba."

Daga baya na ji a rumbunta suke, ƙarƙashin dammunan gero. Na koma rumfa na sauko da gangar keken, na yaye tsohon zanen nan. Na ɗaura ƙafafun kwalta.

Akori-kura ta kai mu Wagini, aka ce daga nan zuwa Batsari ta burtali. Da aka ce a tashi, babur ya bar ni da hayaƙi, ban ƙara ganinsa ba sai a rafi. Can na iske malamin gona ya nutse a rairayi har inji, hula ta faɗi, yana tura babur yana kiran sunayen waliyyai. Na saɓa kekena na wuce shi da gudu.

"Malam, a turo maka jaki?"

Bayan rafi akwai wata fadama da shanu suka tattake tun tana da laka, ta bushe da ramukan kofato, kowane rami kamar turmi. Taya mai kauri ta san yadda take bi ta kansu. Siririya ba ta sani ba. Ƙafar gaba ta faɗa, ni kuma na tashi sama. Nakan ce na daɗe a sama har na hango Katsina na gaishe da masu gwajin, amma saukar ba ta da daɗin faɗi, a kan gwiwa na sauka. Na miƙe, na ga ƙafar keken ta lanƙwashe kamar faifan da aka zauna a kai. Na saɓa shi a kafaɗa, na ƙarasa da ɗingishi. Duk da haka na riga babur shiga gari.

Aka ɗaga ni sama. Makaɗi ya saka sunana a kalangu. 'Yan matan rijiya suka yi guɗa. Ina cikin wannan daɗi sai na ga mutane suna darewa biyu. Tsoho ne, da rigar ɗaurin aure. Bai dube ni ba. Ya durƙusa ya kwance ƙafar, ya ɗaga ta, ya juya ta a hankali tana lilo. Ya ce, ba da ƙarfi ba, "Kwana tara ya rage." Ya rungume ta ya tafi. Bai ce in sha ruwa ba.

Gwiwa ta kumbura ta yi kabewa. Mako ukun da aka yanka wa kwalta a kan tabarma na yi su, mai ɗori yana murza ni ina kiran uwata. Shi kuma yana rumfa daga safe zuwa magariba, yana miƙe ƙafar nan waya bayan waya, yana kara kunne a jikinta kamar mai sauraron numfashin mara lafiya. Maganarsa ta bakin matarsa take iso mani. "Ya ce ka riƙa miƙe ƙafar." "Ya ce ka ci hanta." In na ce ta gaya masa ina gaishe shi, sai ta dawo ta ce, "Ya ce ka riƙa miƙe ƙafar."

Duk da haka ya kai ni gwajin. Ya sa tsohuwar babbar rigarsa ta masinja, ya tafi inda 'yan kallo ke tsayawa tun ba a nuna masa ba. Na tsaya a layin nan da ya yi shekaru yana mafarki. Rabin farko ni ne a gaba, ƙirjin daji ya yi aikinsa, har na ji wani yana tambaya daga ina wannan raƙumin ya fito. Da muka juyo, sai na taka feda na ji ba kowa a cikin ƙafata, kamar ka buɗe rumbu ka iske gara ta riga ka. Suka riƙa wuce ni ɗaya-ɗaya, ina jin tsit-tsit ɗin tayoyinsu. Na zo na bakwai. Huɗu aka ɗauka.

Ya tako ya same ni a bakin hanya. Ya danna cinyata, ya daɗe bai ɗauke yatsan ba. Ya ce, "Sha ruwa."

A bayan motar da ta maido mu, mun kusa gida, ya ce, "Ka sayar da shekara ka sayi tafin yini ɗaya. Ba komai. Dawa na nan fitowa."

Da mari ya yi mani da na ji sauƙi. Da ruwan farko ya sauka ya aiko in zo, ya yanko sabon kara. Ni kuwa na kasa haɗa ido da karan nan. Na bi ta bayan kasuwa na hau mota, na shiga wani kamfanin hanya, na fara da yaron mota na ƙare a direban tifa. Kwaltar da ta fi ƙarfina, sai na koma ina zuba wa wasu ita.

Da Sallah na dawo a kan babur. Ya kewaya shi sau ɗaya, ya ce, "Wanga kai ke hawansa, ko in kun kai rafi yana bari ka rama mashi?"

Daga nan abubuwa suka riƙa janyewa daga gare shi ɗaya bayan ɗaya. Samari suka koma babur, tseren kalankuwa ya mutu ba wanda ya yi masa salla. Amaryata ta rasu. Inna tana aure a Safana. Ardo ya daina aikowa, don ba wanda za a sakar wa daji. Ya rage shi da famfo da kwanon ruwan da yake neman huji a ciki, wani yini ma ba ya jiƙa hannu. Duk Sallah in na zo, bayan doguwar gaisuwa, sai ya ce, "Gwiwa fa?"

"Tsoho, gwiwa ta yi ritaya, tumbi ya karɓi aiki."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya miƙo hannu ya danna cinyata. Na ɗauka sabo ne kawai irin na tsofaffi.

Zuwana na ƙarshe na yi niyyar neman gafararsa tun daga Kaduna. Na zauna a gabansa, na tattara numfashi.

"Tsoho."

"Na'am."

"Wai... wai da gaske kadan nan cewa ya yi ka ara mashi?"

Ya daɗe yana dubana da idanun nan da suka yi fari. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Dogo, har yau ba ka iya tsayawa ba."

Bayan sadakar uku, da mutane suka watse, Inna ta kira ni ɗakinsa. Keken yana rataye a sama. Ta taka turmi ta sauko da wani dami daga cikin azara, ɗaure da roba.

"Ya ce in ba mai ƙwacen mata."

Na kwance. Karare ne na dawa, kowanne gaɓa goma sha biyu. Wasu gara ta taɓa su. Na gane na shekarar nan tamu nan take, baƙi jere har zuwa roba, daga nan fari har Kaduna. Sauran duk ba baƙi ko ɗigo.

Inna ta ce, "Duk shekara in ruwan farko ya sauka sai ya zaɓo kara. In ka zo Sallah ya taɓa ƙafarka, kana tafiya ya ɗauko wuƙa ya gyara."

Na jera su a ƙasa. Na farko-farkon cike suke da tsaga, daji da kwalta, kamar gobe zan dawo. Ana tafiya tsaga tana raguwa, roba tana ƙara faɗi. Wajen na goma tsagar Kaduna ta ɓace. Ashe yadda nake tsufa a Kaduna haka nake tsufa a ɗakin nan, yana rage mani kaya daidai ƙarfina. Na ƙarshen kusan duk roba ne, sai tsaga ɗaya tal a karkace, a gaɓar rani.

"Inna, wannan fa?"

"Ni ma na tambaye shi. Ya ce, Wagini zuwa Batsari, sau ɗaya, a hankali, da ƙafafun daji. Amma sai ya huta tukuna, yaron nan bai taɓa cika arba'in ba."

Da ƙyar na ce, "Ya taɓa ce maki ya yafe mani?"

Ta gyara mayafinta. "Dogo, kai da wayonka. Mai fushi da kai ne zai shekara ashirin yana fere maka kara?"

Na aika Kaduna cewa ba na dawowa sai an yi sadakar arba'in. A ɗakinsa na zauna. Da safe in je in zauna a ƙofar rufaffiyar rumfa, babura suna wucewa, ba wanda ya san abin da nake jira. Wani lokacin wasa ya zo mani har baki, in juya in faɗa masa, sai in ga bango. Ranar talatin da ɗaya taubashina ya zo, ya ce in hau ya kai ni Safana in sha iska. Ya fara cewa, "Maijego..." sai ya haɗiye sauran. Na ce masa kwana tara ya rage. Ya zauna kusa da ni har azahar.

Washegarin arba'in na sa wa ƙafafun daji sabuwar taya. Akori-kura ta sauke ni a Wagini. Burtalin ya tsuke, gonaki sun cinye rabinsa, amma shanu sun riga ni, sun kwantar da kara. Na tafi a hankali yadda aka ce. Wani jaki da kayan itace ya wuce ni, ya waiwayo ya dube ni da tausayi. A rafi keken ya hau ni, na huta sau uku kafin in tsallake. A fadamar nan na sauka na tura. Ba kalangu, ba guɗa, ko kare bai yi haushi ba.

Na iso rumfa gab da la'asar. Na sauka na tsaya da ƙafa ɗaya a gaba, kamar wawa, ina jiran yatsa. Sai na jingine keken, na ɗibi ruwa a randar maƙwabcinsa na sha. Na kwance karan ƙarshen da na ɗaure a jikin keken, na taɓa sarƙa, na shafa baƙi a kan tsagar.

Allah Ka jiƙan bawan nan naka, Ka haskaka makwancinsa, Ka haɗa shi da amaryata a inuwa ɗaya. Ka ba shi hutu cikakke, wanda ba wani ja'iri da zai yanke masa ko kwana guda.